Yadda Ake Shirya wa Tiyatar Gyaran Fatar Ido ta Sama da ta Ƙasa a Zama Ɗaya

Babu wata fata a jikin ɗan Adam da ta kai fatar ido rashin kauri, domin kaurinta bai cika milimita ɗaya ba, ga shi kuma ba ta hutawa tun daga farkawa har zuwa barci, tana shimfiɗa hawaye a kan ƙwayar ido duk lokacin da mutum ya ƙifta. Wannan ne ya sa take riga sauran fuska nuna shekaru. Ta sama takan saki ta sauko kan gashin ido, har mutum ya wuni yana ɗage gira ba tare da ya sani ba, ya kwanta da nauyin goshi. Ta ƙasa kuwa takan tasa ta yi luhu-luhu, jama'a su yi ta tambayar mutum ko bai samu barci ba ne, alhali ya yi barcinsa lafiya lau. Tiyatar da ake yi domin gyara wannan, likitoci suna kiranta bilefarofilasti, sunan da wani likitan Jamus, Karl Ferdinand von Gräfe, ya raɗa mata a 1818, ko da yake tun kimanin shekara 1000 da suka wuce likitan ido na Bagadaza, Ali bn Isa, ya riga ya bayyana yadda ake rage fatar sama idan ta yi yawa.

Ana iya yin ta sama kaɗai, ana iya yin ta ƙasa kaɗai, ana kuma iya haɗa duka huɗun, wato sama da ƙasa na idanu biyu, a zama ɗaya, kuma a kan wannan haɗin ne zan yi bayani. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, a wannan aiki abin da likita ya bari ya fi abin da ya cire muhimmanci. Fatar da aka yanke ba ta dawowa sai da dashe, kuma idon da aka ɗame shi sama da ƙasa har ya kasa rufuwa cikin barci zai bushe, ya yi ja, ya riƙa yaji kamar an zuba masa yashi, wani lokaci har baƙinsa ya yi gyambo. Duk matakan da ke tafe, daga zaɓen likita har zuwa jinya, an tsara su ne domin kada garin neman gira a rasa ido.

A fara gano abin da ya sauko

Mutum zai iya fara bincikensa a gida. Ya tsaya gaban madubi cikin haske mai kyau, ya rufe ido, ya saki goshinsa sarai, sannan ya buɗe a hankali ba tare da ya ɗaga gira ba. Abin da ya gani a wannan lokacin shi ne ainihin yanayin idonsa. Daga nan sai ya sa yatsa ya ɗan ɗaga girar zuwa inda take a hotunansa na ƙuruciya. Idan nauyin ya tafi gaba ɗaya, to girar ce ta sauko, kuma yanke fatar ido ba zai magance ta ba, hasali ma bayan aikin goshin yakan daina ƙoƙarin ɗagawa, girar ta ƙara faɗowa. Idan kuma ya ɗage fatar da ta yi yawa, amma bakin fatar, wato inda gashin ido ya tsiro, yana nan yana rufe baƙin ido fiye da kima, to tsokar da ke buɗe ido ce ta yi rauni, ita kuma gyaranta daban yake, ko da yake ana iya yinsa ta yanka ɗaya. Waɗannan abubuwa uku sukan haɗu a fuska ɗaya, kuma likitan da bai rarrabe su ba zai yi aiki mai tsabta a kan matsalar da ba ita ba ce.

Fatar ƙasa ta fi rikitarwa. A bayanta akwai dunƙulen kitse guda uku, a bayan ta sama kuma guda biyu, kuma wani siririn tantani ne yake tare su a cikin kwarmin ido. Idan tantanin ya saki sai kitsen ya turo waje. Irin wannan kumburin ba ya sauyawa daga safe zuwa yamma, kuma yakan ƙara fitowa idan mutum ya kalli sama. Amma kumburin da ke yin yawa da asuba ya sabe kafin azahar, ko wanda ke ƙaruwa bayan an ci abinci mai gishiri, ruwa ne, kuma wuƙa ba ta cire ruwa. A nan dole a binciki ƙoda, da borin jini, da kuma ciwon maƙoƙo, musamman nau'insa da ke turo idanu waje. Haka kuma duhun da ke zagaye ido: idan inuwa ce da tudun kitsen ya jefa, tiyata za ta rage shi, amma idan launin fatar ne, kamar yadda yake ga mutanenmu da yawa, zai kasance yana nan daram bayan an warke.

Wanda bincike ya nuna yana da matsalar sama da ƙasa duka, haɗa aikin yana da fa'ida a bayyane: allurar kashe zafi ɗaya, jinya ɗaya, hutun aiki ɗaya, kuma fuska takan fi daidaituwa, domin idan an gyara sama aka bar ƙasa sai kumburin ƙasan ya ƙara fitowa fili. Illarsa ita ce kumburin bayan aiki ya fi yawa, kuma bushewar ido da kumburin tantanin da ke kan farin ido sun fi aukuwa idan an taɓa sama da ƙasa a rana ɗaya. A ganina, wanda tun asali idonsa ke bushewa, ko mai manyan idanu da suka fito gaba fiye da ƙashin kumatunsa, ya fi masa alheri a raba masa aikin gida biyu, a bar 'yan watanni a tsakani, ko da hakan zai ƙara masa kuɗi.

Musulmi da yawa za su so su san matsayin aikin a addini kafin su je asibiti. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tattauna tiyatar gyaran jiki a zamanta na Putrajaya da ke Malesiya a 2007, inda ta bambanta aikin da ake yi don kawar da cuta ko aibi ko dawo da amfanin gaɓa, wanda ta halatta bisa sharuɗɗa, da wanda ake yi don sauya halitta lafiyayya saboda son ado kawai, wanda ba ta halatta ba. Fatar da ta sauko har ta tare gani ba ɗaya take da 'yar tattarar tsufa ba, saboda haka mutum ya kai wa malaminsa sakamakon gwajin likita, ya tambaya a kan halin da yake ciki shi kansa.

Zaɓen likita da gwajin da ba a tsallakewa

Likitoci iri biyu ne suka fi cancantar wannan aiki: likitan ido da ya ƙara ƙwarewa a tiyatar fatar ido da kwarminsa, da likitan tiyatar gyaran jiki wanda ya saba da aikin fuska. A Nijeriya, kowane likita dole ya kasance da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa, kuma ƙwararre yakan riƙe shaidar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, ko ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, ko makamanciyarsu daga waje. Tambayar wannan ba rashin kunya ba ce. A tambaye shi aiki nawa irin wannan yake yi, a nemi ganin hotunan mutanen da ya yi wa masu irin launin fatarmu, waɗanda aka ɗauka bayan wata shida ko fiye, sannan a yi masa tambayar da ta fi kowace muhimmanci: idan ido ya cika da jini da tsakar dare, wa za a kira, kuma ina za a je? Wanda ba shi da amsa a shirye, a bar shi. Wurin gyaran jiki ko shagon kwalliya kuwa, komai kyan adonsa a Instagram, ba wurin wannan aiki ba ne.

Kafin a sa rana, likitan kirki zai auna ƙarfin gani na kowane ido, ya duba hawan jinin ido, ya kuma auna faɗin gani idan ana zargin fatar sama tana tare shi. Zai auna hawaye, sau da yawa ta hanyar maƙala wata siririyar takarda a bakin fatar ƙasa na tsawon minti 5 a ga iya inda ta jiƙe. Sannan akwai wani ɗan gwaji da ba ya cin ko sakan goma, amma makomar fatar ƙasa ta rataya a kansa: likita zai kama fatar ƙasa da yatsu ya janye ta daga ƙwayar ido, ya saki, ya ce kada a ƙifta. Fata mai ƙarfi takan koma wurinta nan take. Wadda ta saki takan tsaya a buɗe har sai an ƙifta, kuma irin wannan idan aka yanke mata fata ba tare da an ɗaure ta a wutsiyar ido ba, tabon zai janyo ta ƙasa, farin ido ya bayyana a ƙarƙashin baƙin, ko ma bakin fatar ya juyo waje hawaye ya riƙa bin kumatu. Duk wanda aka sa wa ranar tiyatar fatar ƙasa ba tare da an yi masa wannan gwajin ba, yana da dalilin neman ra'ayin wani likita.

Kada a ɓoye wa likita komai. Wanda aka yi wa aikin leza na gyaran gani ya faɗa, domin akan jira aƙalla wata 6 kafin a taɓa fatar ido. Mai shafa man bilicin ma ta faɗa ba tare da jin nauyi ba, saboda da yawa daga cikin mayukan suna ɗauke da sinadarin da ke rage kaurin fata ya kuma hana rauni saurin haɗewa. Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu shi ma ya nuna wurin. Irin wannan tabo ba kasafai yake fitowa a fatar ido ba, amma yankan da ya zarce wutsiyar ido zuwa fata mai kauri yana iya tasawa, don haka likita zai taƙaita tsawonsa.

Makonnin da suka rage kafin aiki

Babban abin da ake gudu shi ne zubar jini, saboda haka shirin ya ta'allaƙa ne a kansa. Mai hawan jini ya tabbata jininsa ya daidaita, mai ciwon suga ma haka. Asfirin da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna hana jini saurin daskarewa, kuma akan ce a bar su mako ɗaya zuwa biyu kafin aiki. Amma wanda likitan zuciya ya ɗora a kan asfirin, ko warfarin, ko clopidogrel, kada ya kuskura ya daina da kansa, sai likitocin biyu sun yi magana sun yanke shawara. Ƙwayoyin tafarnuwa, da man kifi, da bitamin E, da jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba, duk a ajiye su. Mai shan sigari ko shisha ya daina makonni kafin aiki, domin hayaƙin yana rage jinin da ke kai wa rauni, tarin da yake jawowa kuma yana iya ɓalle jijiyar da aka toshe.

Idan da zaɓi, ni ba zan sa ranar aikin a tsakiyar hunturu ba, lokacin da iska ke busar da ido lafiyayye ma balle wanda bai gama rufuwa ba. A tanadi wanda zai mayar da mutum gida ya kuma kwana kusa da shi, a tanadi matasai biyu ko uku, da baƙin tabarau mai faɗi, da auduga mai tsabta irin ta asibiti, da hanyar samun ruwan sanyi ko an ɗauke wuta. Masu tafiya Turkiyya ko Indiya ko Masar domin aikin su tsara zaman aƙalla kwana 10, a cire zare a can, kuma tun kafin su tashi su nemi likitan ido a gida wanda ya amince zai ci gaba da duba su.

Abin da ke faruwa a ɗakin tiyata

Aikin yakan fara ne da alƙalami, mutum yana zaune, domin idan ya kwanta fata da kitse sukan koma baya su ɓoye. Likita zai ja layi a kan ninkin fatar sama, sannan ya sa ɗan hantsaki marar kaifi ya tsunkuli fatar da ta yi yawa, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya ga gashin ido ya fara motsi, a nan zai tsaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar kimanin milimita 20 na fata tsakanin ƙasan gira da gashin ido, domin wannan ne ke ba ido damar rufuwa. Za a ga yana aunawa yana sake aunawa, yana kwatanta dama da hagu, saboda ido ba mudu ba ne amma ya san kima, bambancin milimita ɗaya ma mai kallo yakan lura da shi. Wannan zanen shi ne rabin aikin, don haka kada mutum ya ƙosa, kada kuma ya ɗaga gira yayin da ake yi.

Idan an haɗa sama da ƙasa, akan yi allurar kashe wurin tare da maganin sa gyangyaɗi, ko kuma a sa mutum barci gaba ɗaya, kuma aikin yakan ɗauki kimanin awa 2, wani lokaci ya kai 3. A sama, ana cire fatar da aka zana, a rage ɗan kitsen da ke kusa da hanci idan ya turo, a ɗinke da zare siriri a cikin ninkin, inda tabon zai ɓuya idan ido yana buɗe. A can gefen waje akwai ƙullin da ke samar da hawaye, wanda ba a taɓa shi, kuma sanin bambancinsa da kitse yana cikin dalilan da suka sa ake neman ƙwararre.

A ƙasa hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a shiga ta cikin fatar, ta jan ɓangaren da ke manne da ƙwayar ido, hanyar da likitan Faransa Julien Bourguet ya bayyana a 1924. Ba ta barin tabo a waje, kuma ba ta cika janyo fatar ƙasa ba, shi ya sa ta fi dacewa da wanda matsalarsa kitse ce, musamman mai baƙar fata. Ta biyu ita ce a yanka daga waje, dab da ƙasan gashin ido, idan akwai fata mai yawa da dole a rage. Ko ta wace hanya aka bi, likitoci da yawa yanzu sun fi son su shimfiɗa kitsen zuwa cikin kwarin da ke ƙasan kumburin maimakon su kwashe shi duka, domin idon da aka kwashe wa kitse yakan zurma ya zama kamar na wanda ya tashi daga doguwar jinya. Idan aka ba da shawarar a haɗa da goge fata da leza ko da sinadari, mai duhun fata ya yi hattara, saboda wurin yakan ƙara baƙi maimakon ya washe.

Jinya, musamman daren farko

Kwana biyun farko na sanyi ne. A jiƙa audugar a ruwan ƙanƙara mai tsabta, a matse, a ɗora a kan ido a rufe na minti 10 zuwa 15, a maimaita sau da yawa a wuni, ba tare da an danna ba kuma ba tare da an ɗora ƙanƙara kai tsaye a kan fata ba. A kwanta rigingine, kai a ɗage a kan matasai. Man shafawar ido da likita ya bayar zai sa gani ya yi dishi-dishi na ɗan lokaci, wannan ba abin tsoro ba ne. Zafin aikin ba shi da yawa, galibi paracetamol ya isa.

Saboda zafin ba shi da yawa ne ya sa ciwo mai tsanani ya zama ƙararrawa. Idan ido ɗaya ya fara zogi mai ƙaruwa, ya yi tauri, ya turo waje, gani ya ragu ko ya dusashe, ko aka fara ganin abu biyu-biyu tare da tashin zuciya, to jini ne ke taruwa a bayan ƙwayar ido yana matse jijiyar gani. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya ƙiyasta cewa hakan na faruwa ga kimanin mutum 1 cikin 2,000, makanta ta dindindin kuma ga kimanin 1 cikin 22,000, kuma mafi yawansu a cikin awa 24 na farko. Abu ne mai wuyar aukuwa, amma lokacin ceton idon bai wuce awa ɗaya zuwa biyu ba. Ba a jiran gari ya waye, ba a aika saƙon waya a zauna jiran amsa, sai dai a garzaya asibiti nan take. Shi ya sa ba a naɗe idanun da bandeji, kuma mai jinya ya riƙa sa mutum ya rufe ido ɗaya ya ƙirga yatsu da ɗayan, lokaci zuwa lokaci, har a cikin daren.

Kumburi yakan kai ƙololuwarsa a kwana na biyu ko na uku, har ido ya koma 'yar tsaga, kuma a nan ne mutane da yawa suke nadama, alhali lokacin yanke hukunci bai yi ba. Ana cire zare tsakanin kwana 5 zuwa 7, kwanciyar jinin kuma takan baje cikin mako biyu. A wannan tsakanin ba a ɗaukar kaya mai nauyi, ba a daka, ba a sunkuyar da kai ƙasa na tsawon lokaci. Wannan ya shafi ruku'u da sujada, don haka a tambayi likita kwana nawa za a yi ana salla a zaune da nuni, a kuma tambaye shi ranar da ruwan alwala zai iya taɓa wurin. Kwalli da sauran kayan kwalliyar ido, da gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, sai bayan mako biyu aƙalla kuma da izinin likita. A nisanci hayaƙin murhu da turaren wuta, kada kuma a kwana fanka tana hura fuska.

Ya kamata mai jinya ya leƙa fuskar mutum yana barci. Idan ya ga ɗan farin ido ta tsakanin fatun, a makonnin farko kumburi ne ke jawo hakan kuma yakan wuce, amma dole a riƙa cika idon da man shafawa kafin kwanciya, da rana kuma a yawaita ɗiga ruwan hawayen kanti, wato maganin ɗigo da ke jiƙa ido. Idan tantanin farin ido ya kumbura ya yi kamar ruwa a leda, a sanar da likita, galibi magani ya isa. Tabon zai yi ja ko ya yi duhu ya kuma ɗan taurara a wata na farko da na biyu, sannan ya fara laushi. Rana tana ƙara masa baƙi, don haka baƙin tabarau ya zama abokin fita na wasu watanni. Bambancin da ake gani tsakanin ido da ido a wannan lokacin yawanci na kumburi ne, kuma likitoci ba sa sake taɓa wurin don gyaran kamanni sai an kai wata 6 ko fiye. Abin da ba a jira da shi shi ne fatar ƙasa da ta fara janyewa daga ƙwayar ido, ko ido mai ja da yaji da gudun haske. Waɗannan a kai su asibiti a ranar da aka gan su.